Sawun da Aka Share a Bayan Gidan Mummu

Ranar Lahadi da hantsi aka yi gobarar, lokacin da kusan duk mutanen Koskela suke coci. Kafin motar kashe gobara ta keta dusar ƙanƙarar da ta toshe hanya, gidan Mummu Lempi ya riga ya durƙusa, sai bututun hayaƙi kaɗai a tsaye. A bakin ƙofar ɗakin kwananta aka sami gawarta. Shekarunta tamanin da uku, kuma da wuya ka sami wanda ya tashi a ƙauyen nan na arewacin Michigan bai ci burodinta ba. Shi ya sa kowa ke ce mata Mummu, wato kaka.

A bayan gidan an tarar da jarkar fetur. An kuma tarar da jikanta Kurt zaune a kan kututture, tafukan hannunsa sun ƙone, yana kallon wutar.

Kafin la'asar ƙauye ya gama shari'a. Kowa ya san Kurt da kwalba. Kowa ya ji labarin yadda Mummu ta kore shi daga gidan a watan jiya bayan ya koma sha, da yadda ya tsaya a ƙofar kanti yana cewa gidan nan ne zai zama ajalinta.

Washegari Wes Niemi, ɗan sandan gunduma, ya tsaya da motarsa a ƙofar gidan Saima Harju.

Saima mai bin sawu ce. In maharbi ya ɓata a daji, ko tsoho ya fita bai dawo ba, ita ake kira. Shekarunta hamsin da ɗaya, ba ta da yawan magana, kuma tun da mijinta ya rasu maganar tata ta ƙara raguwa.

"Sai Juma'a mai binciken gobara zai iso daga birni," in ji Wes. "Ni kuwa mutane sun hana ni shan kofi cikin kwanciyar hankali. Zo ki duba min ta ina yaron nan ya zo, ta ina ya bi, in rubuta in huta."

"Yaro? Ya haura talatin."

"Ni da na taɓa kama shi yana satar tuffa, har ya mutu yaro ne a wurina. Ɗauko hularki."

*

Gaban gidan ba abin karantawa, 'yan kashe gobara sun tattake ko'ina. Saima ta zagaya baya, inda ƙaramar hanya ta fito daga daji. Nan sawun mutum ɗaya ne kawai.

Ta bi shi baya-baya har cikin bishiyoyi, sannan ta juyo ta biyo shi a hankali. Taku ne na mai tafiya ba gaggawa. Ƙafar dama ta fi nutsewa, alamar yana ɗauke da kaya a wannan hannun. Da aka fito fili, takun ya tsaya cak, ƙafafu biyu a jere. Daga nan sai tazarar ta buɗe: gudu. Ga inda jarkar ta faɗi a gefe, ga inda ya zame ya tashi, ga jini a ƙarƙashin tagar da aka fasa.

Ta durƙusa a kan sawun farko na gudun, ta cire safar hannu, ta kankare da wuƙa.

"Me kika gani?" in ji Wes.

"Toka."

"Allah ya ba ki haƙuri. Gida ne ya ƙone, Saima, ko'ina toka ce."

"A kan ƙanƙara, eh. Wannan a ƙarƙashin takalminsa take, ya danne ta. Tokar ta riga shi sauka. Lokacin da ya fito daga dajin nan gidan na ci."

Wes ya sosa ƙeya. "To wa ya ce bai zo da sassafe ta babbar hanya ba, ya kunna, ya zagaya ya dawo ta nan don a gan shi yana kuka?"

"Kurt? Wanda ko ɓoye kwalba a aljihu bai iya ba?"

"Ni dai abin da lauyan gwamnati zai tambaye ni ke nan. Kin ce ba shi ba ne. To wane ne? Gida ba ya kama wuta don ya gaji da tsayuwa."

*

A ƙaramin asibitin gunduma aka tsare Kurt, hannuwansa a naɗe da bandeji har gwiwar hannu. Da ya ga Saima sai ya juya fuskarsa bango.

"Fetur ɗin na mene ne?" ta tambaye shi.

Bai juyo ba.

"Kurt, na san ka tun kana yawo da wando iya gwiwa. Na mene ne?"

"Na injin kwashe ƙanƙara," ya ce da bangon. "Yana cikin rumfarta. Duk Lahadi nake zuwa in share mata hanya."

"Me ya sa Lahadi?"

"Saboda kuna coci. Ba na son Helmi Ranta ta gan ni ta fara yi min addu'a da ƙarfi."

"Mummu ta san kai ne?"

"Takan ajiye min burodi a kan injin. Ba ma magana. Ta ce sai na yi kwana tamanin ban sha ba zan taka mata daɓe. Ina da arba'in da ɗaya."

"Maganar da ka yi a ƙofar kanti fa?"

"Matakalar ɗakin ƙasa nake nufi! Ta ruɓe, ita kuma ba ta jin magana." Sai a lokacin ya juyo. "Na ji ta tana tari, Anti Saima. Na fasa tagar. Na kama ƙarfen ƙofa. Ban iya ba."

Ta zauna da shi har ya yi shiru, sannan ta fita.

*

Zatonta na gaba shi ne murhun itace. Tsohuwa, garwashi, barci: ba sabon labari ba ne. Amma da ta koma kangon ta tarar da murhun ƙarfen a tsaye cikin toka, ta buɗe cikinsa, babu ko gawayi, sai fasassun tukwanen fure.

Helmi Ranta, shugabar matan coci, ita ta warware mata wannan. Saima ta same ta a kicin tana murza ƙullun burodin da za a ci bayan jana'iza, hawaye na zuba tana sharewa da kafaɗa.

"Murhu? Ai mu muka hana ta. Mace mai shekara tamanin da uku tana ɗauko itace, idonta ba ya gani sosai? Na ce, Mummu, wata rana za ki ƙone kanki. Muka haɗa hannu muka kawo mata hita huɗu na lantarki, ɗaya a ɗaki, ɗaya a falo, ɗaya a kicin, ɗaya a bayi. Sababbi fil."

"Yaushe?"

"Ranar talkoot mana, gayyar da muka yi mata a Oktoba. Ke ma ai kina nan, ko kin fara ruɗewa ne? Mutum goma sha tara. Muka toshe mata kowace ɓaraka da iska ke shigowa, daga rufi har ɗakin ƙasa. Yayanki Reino ma ya zo ya duba mata wayoyin da ya sa mata tun da can." Ta buga ƙullun a kan tebur. "Mun yi wa matar nan duk abin da ɗa zai yi wa uwarsa. Shi kuma jinin nata ya zo da fetur."

"Ba shi ba ne, Helmi."

"Ke dai bi sawun barewarki. Mutane ni na san su."

*

Da yammacin Talata aka yi yayyafin dusar ƙanƙara, ɗan kaɗan, ya rufe ƙasa kamar an barbaɗa gari. Laraba da safe Saima ta koma kangon, ba don tana neman wani abu ba, sai don ta kasa zama a gida.

Ba ta ga sawu ba. Abin da ta gani shi ne rashin sawu: wani siririn layi daga bakin daji zuwa kangon, inda ƙanƙarar ta fi sauran laushi. Wani ya zo bayan yayyafin, ya koma da baya yana share takunsa da reshen bishiyar balsam. Ga 'yan ganyayyakinsa masu kama da allura nan da can.

Ta daɗe tsaye tana kallon shatin reshen. Kowace shara ta faro daga dama ta lanƙwasa hagu, gajeriya, sannan a koma kanta sau ɗaya da bayan reshen don a kashe layin. Mahaifinta ne ya ƙirƙiro wannan komawar ta biyu, lokacin da ake sace masa tarkuna a daji. Mutum biyu kaɗai ya koya wa. Ɗaya daga cikinsu ita ce. Ɗayan yayanta Reino ne, bahago.

Ta sauka ɗakin ƙasa ta kan katakon da 'yan kashe gobara suka jingina. Ruwan da suka zuba ya daskare baƙi ƙirin. Akwatin lantarki na nan manne da bangon dutse. A samansa, inda katakon da ke ɗauke da daɓe ya bi, an yanke wani yanki da zarto, tsawon hannu. Bakin yankan fari ne tas a tsakiyar baƙin gawayi, garin katako kuma ya zuba a kan ƙanƙara kamar gishiri. Wayoyi shida na reto daga akwatin, an datse su da almakashi, jan ƙarfensu na sheƙi.

Ba ta san kan lantarki ba. Amma ta san ba a ɓoye abin da ba ya magana.

*

Motar Reino ba ta gida. Matarsa ta ce ya tafi coci jera kujeru.

Reino ya girme ta da shekara tara. Shi ya goya ta zuwa makaranta a shekarar da ta karye, shi ya tsaya kusa da ita ranar da aka binne mijinta. Shekara talatin da biyar yana aikin lantarki, rabin gidajen Koskela hannunsa ne. Har yau Auta yake ce mata.

Ta ce wa matar za ta ari gatari, ta wuce sauna, ɗakin wankan tururi da ke bayan gida. Ɗakin a sanyaye yake. An jera itace a gefen murhu, an cusa takarda, ga ashana a ajiye. Komai a shirye, ba a dai kunna ba. A saman itacen kuwa ga guntun katakon.

Rami ɗaya ne a tsakiyarsa, faɗinsa bai fi ƙwan kaza ba. Wayoyi shida sun cushe a ciki, robarsu ta narke ta haɗe su wuri guda. Katakon ya ci daga cikin ramin zuwa waje, ba daga waje zuwa ciki ba.

Ta zauna a kan bencin sauna da shi a cinyarta. Ta tuna Kurt yana ƙirga kwanakinsa. Ta tuna Reino yana tsaye a ƙofar coci ranar Lahadi da yamma, ana ta tsine wa Kurt, shi kuma ya sunkuyar da kai yana juya hularsa. Kwana uku yana ji.

Ta naɗe katakon cikin tawul ta sa a jaka.

*

Ƙasa ta daskare, ba za a iya haƙa kabari ba sai bazara, don haka ranar Alhamis addu'a kawai aka yi. Bayan an tashi aka sauka zauren coci shan kofi. Wes ya kawo Kurt, ya zaunar da shi a kujerar ƙarshe kusa da ƙofa. Helmi ta bi teburi-teburi da buta, da ta iso kansu ta zuba wa Wes, ta wuce.

Saima ta jira. Ta ba Reino lokacin kofi ɗaya, sannan na biyu. Yana zaune da burodi a gabansa bai taɓa ba. Da ta ga mutane sun fara neman rigunan sanyinsu, sai ta tashi ta je teburinsa, ta warware tawul ɗin, ta ajiye katakon tsakanin kofuna.

Kowa ya juyo.

"Auta," in ji Reino a hankali. "Mayar da shi jaka. Mu yi magana a gida."

"Nan za mu yi."

"Ina roƙonki."

"Gobe za a kai Kurt gaban alƙali, Reino. Ka faɗa musu mene ne wannan, ko in faɗa musu inda na same shi."

Wes ya taso ya tsaya a kansu. Reino ya dubi ƙanwarsa, kallon da ba ta gane ba. Ba fushi ba ne, ba kuma tsoro ba. Sannan ya jawo katakon gabansa.

"Shekara goma sha biyu ke nan da na sake wa Mummu wayoyi," ya ce. "Katakon nan tsohon itace ne, mai taurin tsiya. Na karya bakin mahuji biyu kafin in huda rami ɗaya. Ya kamata in huda uku. Sai na tura duka shidan ta ɗaya."

"To sai me?" in ji Helmi. "Waya ai waya ce."

"Waya tana zafi in tana aiki, Helmi, kamar ke. In ita kaɗai ce, iska na ɗauke zafin. In ka matse su da yawa wuri guda, kowace na gasa 'yar'uwarta. Akwai ƙa'ida a littafinmu. Kowace wayar nan jijiya biyu ke ɗaukar wuta a cikinta, shida sau biyu sha biyu. In sun haura tara a rami ɗaya rufaffe, rabin ƙarfinsu za ka lissafa. Rabi. Fiyus kuwa bai san da wannan ba. Shi abin da ke wucewa yake aunawa, ba ya jin zafin da ke cikin rami. Hita huɗu, dare da rana, a sanyin makon jiya..." Ya shafa bakin ramin da babban yatsa. "Nan ta fara."

Wes ya ciro ɗan littafinsa. "Shekara sha biyu ba ta kama ba. Me ya sa yanzu?"

"Hitocin."

"Su kaɗai?"

"Rubuta hitocin, Wes. Ka rubuta sunana. Ya isa."

"Ka ce rami rufaffe. Na ji ka da kunnena."

Wes ya ɗaga katakon, ya kankare gefen ramin da farce. Wani abu mai ruwan ɗorawa, busasshe, ya ɓarɓashe a tafinsa.

"Kumfar toshe ɓaraka ce," in ji wani daga baya. "Irin wadda muka yi aiki da ita ranar gayya."

"A buɗe na bar shi," in ji Reino, kamar ana zare masa maganar da ƙugiya. "Da sarari a gefe, iska na bi. A buɗe ba laifi."

"Wa ya yi ɗakin ƙasa ran nan?" Wes ya tambayi zauren.

Helmi ta buɗe baki, sai ta rufe, ta ajiye butar a hankali. Mutum goma sha tara, kuma kowannensu ya tuna, don ran nan sai da aka yi ta zolaya: ga Saima ta fito cikin mutane karo na farko tun rasuwar mijinta, kuma wa zai fi mai bin sawu iya gano inda iska ke shigowa? Saima ta sauka ɗakin ƙasa da gwangwanin kumfa biyu. Tana jiƙa bayan hannunta tana bin bango taku-taku. Ta tuna sanyin da ya busa mata a saman akwatin lantarki, siriri, mai kaifi. Ta tuna daɗin da ta ji da ta same shi. Ta cika ramin har kumfar ta tumbatso, ta jira ta bushe, ta ƙara.

"Ni ce," in ji Saima.

"Ba ki sani ba!" Reino ya buga teburin, kofuna suka yi tsalle. "Ba aikinki ba ne ki sani! Ina tsaye a kan matakala, ina kallonki. Kina waƙa, Auta. Shekara biyu ban ji muryarki haka ba. Na ce bari in ƙyale ta, sati mai zuwa in dawo in huda wasu ramukan in raba wayoyin. Sai lokacin farauta ya zo. Sai bayana ya riƙe. Sai Kirsimeti." Ya rufe fuskarsa da hannuwansa. "Kullum sati mai zuwa."

"Da ka bari an ɗaure Kurt?"

"Ban sani ba. Na haɗa wuta sau uku, na kasa kunna ashana. Ban sani ba."

Wes ya daɗe yana kallon littafinsa. Sannan ya rufe shi, ya sa katakon a hammata, ya ce da Reino gobe ƙarfe tara a ofis, shi da mai binciken. Ya waiwaya ƙofa.

"Kurt, in kana da wurin kwana, ba sai ka bi ni ba."

Ba wanda ya motsa. Saima ce ta fara takawa. Tsawon zauren bai fi taku ashirin ba, amma ba ta taɓa bin hanya mai nisan wannan ba. Ta tsaya a gaban Kurt.

Kurt ya ɗago kai. Idanunsa sun yi ja.

"Lahadin da ta wuce waccan," ya ce, "ta bar min takarda a ƙarƙashin burodin. Ita da ta ce ba za ta yi min magana ba. Ta ce in na ga Saima in gaya mata, tun da ta shigo gidan nan tana amarya, bana ne kaɗai ƙafafunta ba su yi sanyi ba."

Saima ta dafa bayan kujerar da ke kusa da shi, ta zauna. A can ƙarshen zauren Helmi ta ɗauko kofi mai tsabta, ta cika, ta taho da shi hannu biyu, sai da ta iso ta ga bandejin, ta tsaya riƙe da shi ba ta san inda za ta ajiye ba.